Ranar da Na Gudu da Kular Ɗalibai

Akwai wani bawan Allah da yake yi wa mutane ƙarya a wannan kafar sada zumunta tun shekaranjiya, ni kuma na gaji da haɗiye magana.

Ba zan kira sunansa ba. Ya san kansa. Akwai mutum goma sha bakwai da su ma suka san shi.

Ya ɗora hotonsa a bakin kogi, ya harɗe hannu a ƙirji, ruwa yana tafasa a bayansa, ya rubuta wai kyakkyawan tsarinsa ne ya dawo da ɗalibai gida lafiya. Mutane sai zuba masa yabo suke, har da masu cewa irinsa ƙasar nan take nema.

Tsari?

To ku gyara zama, ku ji daga bakin wanda ya tuƙa motar.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Tanimu, ɗalibai suna ce mini Kawu. Hayis nake ja a bakin ƙofar jami'a. A aji huɗu na firamare na tsaya, sauran karatun a jikin allunan hanya da wayar nan na koye shi.

Shekara uku ke nan, duk hutun da ke biyo bayan jarrabawa, yaran da gidajensu ke nesa da waɗanda rubutun ƙarshe ya riƙe a makaranta sukan taru ranar Asabar in kai su shan iska. Mun hau dutse, mun je dam, mun je gonar mangwaro. Babu ofis, babu takarda. A faɗa a guruf, a cika mota, a tafi.

Bana suka ce a'a, abin ya girma, sai an kafa kwamiti. Aka yi ciyaman, shi ne mutumin namu. Aka yi sakatare. Aka yi mai kula da hoto. Har mai kula da kiɗa aka naɗa.

Mai tambayar mutanen gari ne kawai ba a naɗa ba.

Asabar ɗin nan da ta wuce, farkon damina, na kwashi mutum goma sha takwas. Saura ƙiris in dawo da goma sha bakwai, ko ma in dawo ni kaɗai.

Amma da safe wa ya san haka?

Motar nan kamar gidan biki. Masu karatun likita suna tsokanar masu karatun shari'a wai baki kawai gare su, masu shari'a suna cewa idan kun kashe mutum wa zai fitar da ku. Aka sayi mangwaro a hanya, aka yi faɗa a kan na ƙarshe. Waƙa kuwa har da buga jikin mota, sai da na ce duk wanda ya lotsa mini ƙofa a ƙafa zai koma.

A kujerar gaba akwai Hanatu. Ita ta dafa abincin tafiyar, dafa-duka da kaji, cikin wata ƙatuwar kula. Ta rungume kular nan kamar jaririya. Duk ramin da na faɗa sai ta harare ni. Ƙamshi ya cika motar, yara sun roƙe ta har sun gaji, ta ce ko murfin ba za a ɗaga ba sai bayan azahar.

Ku riƙe maganar kular nan. Za mu dawo kanta.

Da hantsi muka isa. Wani kogi ne a bayan wani ƙauye, ciyaman ya gano shi a taswirar waya. Kuma gaskiya wurin ya haɗu. Faɗi kamar filin ƙwallo uku, farin yashi, a tsakiya ga wani tudun yashi mai laushi. Ruwan da ya raba tudun da gaɓa bai wuce idon sawu ba, garai-garai, har kana ganin ƙananan kifaye.

Yara suka tuɓe takalma suka tsallaka da ihu. Aka shimfiɗa tabarmi a kan tudun, aka kunna sifika, aka kafa sandar ɗaukar hoto. Maza suka fara ƙwallo, mata suna gudu suna faɗuwa da gangan. Wata da ban taɓa jin dariyarta ba ranar har tana riƙe ciki.

Rana tarwai. Sama ko ɗigon girgije babu.

A gefen tudun akwai wani dattijo da jakai uku, yana ɗiban yashi da shebur yana zubawa a mangala.

Mutumin namu ya wuce ta gabansa ko sallama babu. Da ya juyo ma, cewa ya yi dattijon ya ɗan matsar da jakan nan, suna ɓata musu hoto.

Dattijon ya saɓa shebur ɗinsa. Ya ja jakansa ya koma can ƙasa.

Kuma bari in faɗi nawa laifin kafin wani ya faɗa mini. Ni ma hannu kawai na ɗaga masa daga nesa. Shekara ashirin da biyu ina kan hanya, na san ba a shiga wurin mutane ba a durƙusa ba. Ranar ɗokin yara ya ɗebe ni.

Mutum ɗaya ce ta yi abin da ya kamata. Suwaiba, 'yar aji biyu, mai shiru-shiru, ranar ce fitarta ta farko da mu. Ta zuba zoɓo mai sanyi a kofi, ta taka har inda dattijon yake, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi aiki da iyali. Ƙawayenta suna mata dariya wai ta samo kaka.

Azahar ta yi. Na tsallako gaɓa na yi salla a gindin bishiyar da na ajiye mota. Ina komawa, hankalina duk yana kan cinyar kaza, sai na ci karo da dattijon yana kora jakansa waje da sauri, Suwaiba tana biye da shi za ta karɓi kofinta.

Mangalolin ko rabi ba su kai ba.

Ita ce ta lura. Ba ni ba.

"Baba, ya za ka tafi kaya bai cika ba?"

"'Yata, sa ƙafarki a ruwan nan."

Ta sa. Ta janye da sauri. "Ya yi sanyi."

"An yi ruwa a kan duwatsu da safe. Yana hanya. Ki gaya wa 'yan'uwanki su tashi yanzu, kada su tsaya naɗe tabarma."

Na duƙa na duba. Ruwan da ɗazu yake garai-garai ya koma ja. Karmami yana wucewa, da busasshen kashin awaki yana yawo a sama. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san fassarar wannan: ruwa ya share ƙasa a wani wuri, ga saƙon ya iso, mai saƙon yana tafe.

Na tambaye shi minti nawa muke da shi. Ya ce shi bai san minti ba, abin da ya sani jakansa ba za su jira ruwan a nan ba.

Na ruga kan tudun ina cewa kowa ya tashi.

Ku ji abin da 'yan boko suka yi mini.

Ciyaman ya zaro waya, ya shafa, ya juyo mini da fuskarta. Wai hasashen yanayi ya ce babu ruwa yau. Ya nuna sama, wai in duba da idona. Ya ce ba a rusa shirin mako uku saboda maganar mai jaki, kuma tun da akwai kwamiti, sai a bi ƙa'ida.

Wallahi ƙuri'a suka kaɗa.

A tsakiyar kogi. Aka ɗaga hannu. Sakatare yana ƙirgawa. Goma sha ɗaya suka ce a zauna a ci abinci tukuna.

Waɗanda suka san ni sun san bakina. Na ce musu kogin nan ba ya cikin guruf ɗinku, bai karanta sanarwa ba, kuma ba ya jiran sakamakon zaɓe. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta a nan ba saboda akwai iyaye a shafin nan.

Suka yi dariya. Wai Kawu ya fara.

Na waiga. Wani dutse da na taka ɗazu a bakin ruwa ya ɓace.

A nan na gane ihu ba zai yi ba. Shekara uku ina jigilar yaran nan, na san abin da ke tayar da ɗalibi daga zaune. Ba wa'azi ba ne. Ba tsoro ba ne.

Hanatu ta durƙusa ke nan za ta buɗe kula, ludayi a hannu, kowa ya miƙo faranti.

Na sunkuya na sure kular, na ɗora a ka, na zura da gudu.

Jama'a, ban taɓa ganin tashi irin wannan ba.

Hanatu ce a gaba, ludayi a sama, tana kiran sunana babu ko Kawun. Bayanta masu ƙwallo. Bayansu masu shari'a, har da waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar zama, faranti a hannu, suna ihu a tare ɓarawon kaji. Wasu dariya suke, sun ɗauka sabon wasa ne.

Sai da suka faɗa ruwan dariya ta ɗauke. Abin da suka tsallaka a idon sawu yanzu ya kai gwiwa, yana jan ƙafa kamar mai hannu.

Dattijon nan bai tafi ba. Yana tsaye a gaɓa yana miƙa wa mata sandarsa ɗaya bayan ɗaya, Suwaiba tana kama su tana hawo da su.

Na dire kula na fara ƙirga kai, yadda na saba kafin in tayar da mota.

Goma sha bakwai.

Na sake ƙirgawa. Goma sha bakwai.

Mutumin namu ya koma ɗauko sifika da sandar hoto.

Sai muka ji ƙarar. Kamar tirela tana gangarowa babu birki. Muka duba sama da kogin, ga shi nan tafe, ja wur, da kumfa da rassan itace a gaba.

Mutumin namu ya shigo ruwan da kaya a hannu biyu. Taku uku ya kai masa ƙugu. Taku na huɗu ƙafarsa ta tafi.

Ban ga lokacin da dattijon ya kwance igiyar jakinsa ba. Na ga dai ta tashi sama ta sauka a gaban yaron. Ya saki sifika, ya saki sanda, ya cafke. Ni da maza huɗu muka ja, muka ja, har muka fito da shi kan gaɓa yana tari yana aman jan ruwa, takalminsa ɗaya ya bi kogi.

Muka juya.

Babu tudu. Babu tabarmi. Inda aka kaɗa ƙuri'a ɗazu, wani kututture ne yake juyi a wurin.

Sai wata ta fashe da kuka, wani ya fashe da dariya, sai gaba ɗaya aka rikice, ana rungumar juna, ana hamdala, kowa da irin addu'arsa. Hanatu ta zo ta ɗaga ludayi kamar za ta kwaɗa mini, sai ta zauna a ƙasa ta ce yau ni zan fara zaɓar kaza.

Na ce a'a. Akwai mai zaɓa.

Suwaiba ta kai wa dattijon farantin farko, cinya biyu a sama. Muka zauna a gindin bishiya, jiƙe sharkaf, muna ci muna kallon kogi yana wucewa da ƙarfinsa. Ban taɓa cin dafa-duka mai daɗin ta ranar ba.

Da za mu tafi yara suka ce sai sun yi hoto da Baba da jakansa. Aka jeru. Mutumin namu ya lallaɓo zai shiga gaba.

Dattijon ya dube shi, murya a sanyaye, ya ce, "Ɗana, ɗan matsa gefe. Kada ka ɓata wa jakaina hoto."

Har muka iso ƙofar makaranta ana maimaita maganar nan a mota.

Darasi:

Idan kun shirya fita, ku shirya mota, ku shirya abinci, ku kafa kwamiti goma in kuna so. Amma duk inda kuka sauka, akwai wanda ya riga ku zuwa da shekara arba'in. Wayarka ta san hanyar zuwa kogi. Ba ta san kogin ba. Ka durƙusa ka gaida wanda ka tarar, ka tambaye shi. Kofin zoɓo ɗaya da gaisuwa ɗaya su suka dawo mini da yara goma sha takwas, ba tsarin kowa ba.

Ku tura wannan cikin duk wani guruf na ɗalibai da ke shirin fita a hutun nan, musamman masu nufin bakin ruwa. Ku tura wa ciyamominsu su fara karantawa.

Kai kuma mai hoto, na lura an yanke hotonka daidai gwiwa.

Ɗora mana cikakkensa, har ƙasa, mutane su ƙirga takalman da ke ƙafarka. Ɗayan yana hanyar teku, ɗayan kuma yana ƙarƙashin kujerar motata, ka zo ka ɗauka.

Ku goma sha bakwai da kuka bi kula a guje, na san kuna karantawa. Idan akwai kalma ɗaya ta ƙarya a nan, ga wurin sharhi a buɗe. Wanda ya isa ya fito ya ce ba haka aka yi ba.