Gawar da Ta Jira Jirgin Alkama

A garinmu na gaɓar Iloilo, wanda ya mutu ma sai ya yi jira. Rabin 'ya'yanmu suna kan teku ko suna aikatau a ƙasashen waje, kuma ba a binne uwa ɗanta bai iso ba. Mai sa gawa ta iya wannan jiran shi ne Tiyoy Melecio.

Ni ce mai dafa gahawa a gidajen makoki, don haka shekara ashirin muna haɗuwa, ni da tukunyata, shi da 'yar jakarsa ta allura da hoda. Gajere ne, ga tsiwa. Da ƙuruciya ya so aikin jirgi kamar kowane saurayi, sai dai ko kwalekwalen zuwa tsibirin Guimaras ya hau, amai yake yi har a sauka. Ya haƙura, ya koyi sana'ar kawunsa ta gyaran gawa. Abin alfaharinsa ɗaya ne, kuma mun gaji da jin sa: babu ɗan da ya taɓa dawowa ya tarar da kabari a hannunsa.

Lola Iketa, wata tsohuwar garinmu, ta rasu cikin Afrilu, ana tsakiyar zafi. Ɗanta Ramil kuku ne a jirgin dakon alkama, kuma yaƙi ya rutsa da su a wata tasha a Baƙin Teku. An zuba nakiyoyi a ruwa, jirgin sama ba ya tashi. Ya kira yayarsa Nenita ya ce kamfani ya yi alkawarin fitar da su mako mai zuwa, a jira shi. Ta ce ko ta nuna masa fuskar ta waya? Ya ƙi. Ya ce da idonsa zai ga Nanay, wato uwarsa.

Makon farko makoki ya yi armashi. An kafa rumfa, ana karta, Lola tana kwance a falo ƙarƙashin gilashin akwatinta kamar mai barcin rana.

Na ce, "Tiyoy, ka mai da tsohuwa budurwa."

Ya ce, "Ke ma ki yi haƙuri ranarki ta zo, Inday. Wannan hancin naki na daɗe ina son gyara shi."

Mako mai zuwa ya zo ya wuce, wani ya biyo shi. 'Yan karta suka ragu. Ba a shara a gidan da gawa take, ƙura da ɓawon gyaɗa suka cika tsakar gida. Duk bayan kwana uku Tiyoy yakan zo ya fitar da kowa daga falo, ya ƙara magani, ya ƙara hoda. Mutumin da bai taɓa sauraron labarai ba ya koma yawo da rediyo a kunne, yana tambayata sunayen garuruwan da ni da shi ba mu iya faɗa ba. Ni abin haushi yake ba ni. Waɗanda suke harbe-harben nan ba su san akwai wata Iketa a duniya ba, amma su ne suka hana ta kwanciya.

Rana ta talatin da huɗu ya same ni a madafa. Bai tsokane ni ba, nan na san akwai magana.

Ya ce, "Ta gaji. Ba sauran inda zan sa allura. Abin da kuke gani ta gilashin nan, yawancinsa kakin zuma ne da hoda."

"To ka gaya wa Nenita mana."

"Da wane baki?"

Ya dai gaya mata. Da tsakar rana ta kira Ramil, muna tsaye mu uku. A bayansa ana ganin tukwanen jirgi a rataye. Ya roƙi kwana uku, ya dawo biyu. Tiyoy ya sunkuyar da kai ya ce wa Ramil, "Toto, da akwai yadda zan yi, da na yi."

Ramil ya dubi yayarsa. Can ya ce, "To, Manang, nuna mini ita."

Tiyoy ya goge gilashin da hannun rigarsa. Nenita ta juya wayar ta riƙe a saman akwatin. Mu da muke ganin Lola kullum ba mu lura da komai ba, a idonmu a hankali ta canza. Ramil kuwa rabonsa da ita wata tara.

Ya ce, "Matso da ita."

Ta matso.

Ya ce a hankali, ba da faɗa ba, "Tiyoy, wace ce wannan?"

Tiyoy ya koma gefe. Ya ja kujerar 'yan karta ya zauna, jakarsa a kan cinya. Wallahi na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa idona.

Ramil ya ce, "Ku kai ta gobe. Kada ku kira ni, ina da abincin mutum ashirin da zan dafa."