Rigata a Jikin Illo

Duk wanda ya san marigayi Illo ya san tsinkensa. Da hantsi, da azahar, da la'asar, yana bakin zaure yana sakace, kai ka ce yanzun nan ya gama da cinyar rago. Alhali ni taubashinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, na san abin da ya shiga cikin nan: hura ce, gero kaɗan, ruwa har wuya. In ka ce, "Illo, mi kake hiddawa daga haƙoran nan?" sai ya ce, "Asirina nike ruhewa, bar ni."

Duk wannan bai dame ni ba, sai da ƴan anket, masu binciken nan na birni, sunka shigo unguwa. Ni da na yi lakwal har aji uku, ni na warware ma jama'a zancen: za su zaɓi wasu magidanta a Tawa, su riƙa dawowa bayan ƴan shekaru har mu tsufa, su ga yadda talauci da damuwa ke cin jikin mutum, da ko mai abin hannu ya fi maras shi daɗewa a duniya. Zaɓe ya faɗa kaina da kan Illo. Kaico!

Ranar farko, tun da safe sai ga shi a ƙofata.

"Taubashi, miƙo babbar rigarka ta shadda."

"Biki za ka?"

"Baƙi za ni yi. Baƙo ba ya ganin tsiraicin ɗan Adar."

Ya ɗauki riga, ya ɗauki kujerar ƙarfe, ya ɗauki radiyo, yana fita ya kwance ragona. Kuma kun san taubashi, ba a kai shi ƙara. Da Madam, shugabar ƴan anket, ta gama da shi ta shigo gidana, mi ta tarar? Ni a kan tabarma, da taguwa mai huji a hammata, ga turke babu dabba. Ta dube ni da idon tausayi ta ce, "Sannu, Baba." Sannu! A gidana, ragona na kuka bayan katanga!

Daga ranar Illo ya zama Alhaji a bakinsu, mutumin da iyakar tafiyarsa Abijan, can ma tsinken kaɗai ya dawo da shi.

Zuwansu na gaba ya sake kwashe kayan, ni kuwa na hau turmi na leƙa ta katanga, don in ga yadda rigata ke aiki. Madam ta ce, "Alhaji, akwai abin da ke hana ka barci?"

"Ƙoshi, Madam."

A'uzubillahi! Shekarar da fari ya cinye gonarsa ta Afala ke nan, rumbu ko ɓera ya yi ƙaura. Ta ɗaura masa abin awon tansiyo, ta duba, ta sake dubawa, ta ce jininsa ya hau ƙwarai. Illo ya gyara hannun rigata ya ce, "Jinin manya dama sama yake tahiya. Na talaka ne ke kwance." Ta ce to ya je likita, kuma lalle ya rage nama da maiƙo. Illo, wanda rabonsa da nama tun layya, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Abin da wuya, Madam, amma in gwada." Likitan kuwa bai je ba. Ya ce Alhaji ba ya bin layi.

Ni da ta zo kaina, cewa ta yi in daure in riƙa samun ɗan nama ko sau ɗaya a mako. Na ce, "Madam, naman yana nan kusa, igiya ce ta ɓace hanya."

Wata shekara ragon, wani ne dabam amma shi ma nawa, ya gaji da ƙarya. Ana tsakiyar tambaya ya tsinke igiya, ya yo gida a guje, ya tsaya daidai turkensa. Na ce alhamdu lillahi, yau dabba ta ba da shaida. Sai ga Illo ya biyo shi da Madam, yana kaɗa rigata, ya ce, "Bar shi, Madam. Dama na yi niyyar ba shi ragon. Maƙwabci ne, ga iyali." Madam har da share hawaye. Aka sa na yi godiya. Jama'a, na durƙusa na gode ma Illo a kan ragona!

Haka munka tsufa, shi mai arzikin unguwa, ni abin misali. In a can birni sun gano akwai tazara tsakanin mai shi da maras shi a unguwarmu, to ku sani faɗin rigata ne sunka auna.

Jinin nan da yake wa kirari shi ya kayar da shi bara. Na je gaishe shi, baki ya karkace, magana da ƙyar. Ya jawo ni kusa, na kai kunne ina jiran wasiyya.

"In Madam ta zo," ya ce, "kar ka sa rigar nan. Za ta gane ta."

Bana, bayan rasuwarsa, sunka dawo. Na sa an wanke rigar, an buge ta, na ce yau dai sau ɗaya a duniya za a gan ni a cikin kayana. Na ɗaga ta, sai ga tsinke a aljihu. Na tuna wasiyyarsa. Na ninke ta na mayar akwati, na ɓoye kujera da radiyo a ɗakin uwargida, na jawo taguwa mai huji.

Madam, ita ma furfura ta fito mata, ta yi mini gaisuwa ta ce, "Baba, yanzu wa zai riƙa taimakonka, Alhaji ya tafi?"

Na ce, "Babu, Madam. Irinsa ba su da yawa."

Allah, kai ne mai rufin asiri. Illo ya rufe nasa da tsinke da rigar aro har ya iske ka. Ka rufa masa na can, ka tufatar da shi da wadda ba za a karɓe ba, ka ƙosar da shi ƙoshi na gaskiya. Amin.