Takin Dakta Ɗan'azumi

Ɗan'azumi ɗan Kulu tun yana yaro shi da fartanya ba sa ga maciji. In an tafi gona a Janfalan, sai ya nemi gindin ɗorawa ya zauna yana bayyana wa masu huɗa abin da ya sa kunyarsu ta karkace. Da aka ga bakin ya fi hannun ƙwari, aka tura shi makaranta Ikara, daga nan jami'a, ya karanta tattalin arziki, wato ilimin juya dukiyar da ba taka ba.

Digirinsa na farko a kan abin da ke sa tumatir araha in ya yi yawa ya rubuta shi. Na biyu a kan abin da ke sa shi tsada in ya yi ƙaranci. A na uku ya haɗa biyun, aka ce masa Dakta. Ya daɗe yana koyarwa har furfura ta fito, sa'o'insa duk suka zama Farfesa. Shi kuwa manyan jami'a suka ce sai ya kawo binciken da mujallar Turai za ta buga, in ba haka ba ya yi ritaya da Daktansa.

Ana haka wata ƙungiyar ƙasar waje ta ba shi takin zamani mota guda, da sharaɗi. Rabin gidajen ƙauye za a ba, a hana rabi, da kaka a auna masarar kowa a ga bambanci. Ƙuri'a ce za ta zaɓa. Dakta ya zaɓi Janfalan, don a can tuwo da masauki kyauta ne.

A ƙofar gidan mai unguwa aka zuba tsakuwa a ƙwarya, fara taki, baƙa haƙuri. Kulu ta sa hannu ta ɗauko baƙa. Kowa na jiran ɗa ya ce a sake. Ɗa ya gyara tabarau ya ce na gaba ya matso.

A gida ya durƙusa ya yi mata bayani.

"Inna, ke kina rukunin kwatance. Aikinku ya fi na kowa muhimmanci."

"Mene ne aikin namu, Malam?"

"Kada ku samu komai."

"Au, wannan? Ai mun daɗe muna yi maka shi, ba mu san bincike ba ne."

Kafin motarsa ta kai Ikara magana ta gama gari, daga bakin rijiya har gidan injin niƙa: ɗan Kulu ya raba wa duniya taki ya tsallake uwarsa. Ilisha maƙwabcinta, wanda ya ɗauki fara, ya kasa wucewa ta ƙofarta da buhu a kan babur. Ya zuba rabi a daro, matarsa Serah ta miƙa ta katanga. Shi ke nan aka buɗe hanya. Duk mai farar tsakuwa yana da suruki ko ƙanwa a cikin masu baƙa, kuma ba wanda ke son a tuna masa ranar suna ko ranar jana'iza. Taki ya yi ta yawo a tiya da kwano har ya daidaita. Kulu ce ma ta fi kowa samu, saboda kowa tausayinta yake ji.

Da damina ta yi tsaka Dakta ya zo duba gonaki. Ya tsaya a gonar uwarsa, masara ta yi baƙi ƙirin ta fi shi tsayi.

"Inna, me kika sa mata?"

"Ni da na ɗauki baƙa? Addu'a ce."

A tsakar gida kuwa ga buhun takinsa nan, da tambarin ƙungiya, an yi wa akurkin kaji labule da shi. Dakta ya gane. In ya faɗa wa ƙungiya, bincike ya rushe, Farfesa ta bi shi. Ya daɗe yana kallon buhun, sannan ya ce kajin nan sun yi kyau, ya nemi ruwan alwala.

Da kaka aka auna, masu fara da masu baƙa suka zo kai da kai. Dakta ya rubuta cewa bincike ya tabbatar takin zamani ba ya ƙara wa ƙaramin manomi amfanin gona. Mujallar Turai ta yi murna, don ba ta taɓa jin irin wannan ba. Aka gayyace shi taro a ƙasashe, ya dawo da Farfesa da sabon tumbi. Ƙungiya ma ta karanta, ta yi masa godiya da ya hana ta asara, ta rufe shirin taki.

Ranar walimar zamansa Farfesa Ilisha ya zo yi masa murna, ya ci shinkafa, ya wanke hannu.

"Farfesa, bana yaushe za a kawo ƙwaryar?"

"Ai kimiyya ta nuna ba kwa buƙatarsa."

Kulu da ke raba nama ta janye kwanon daga gaban ɗanta. "Kai ma ba ka buƙatar wannan. Kana rukunin kwatance."

Yanzu bincikensa a kan bashin noma ne, a Nasarawan Doya yake yi, inda ba shi da uwa.