Idon da Ba Ya Sallama

Da ɓarin jikin Inna ya shanye, muryarta ma ta tafi da shi. Tana magana, amma sai ka kai kunne bakinta. Ni ke zaune da ita a gidanmu na Gangare a Jos, kuma ba zan iya tsare ta kamar mai gadi ba: ga girki, ga wanki, ga makarantar da nake koyarwa. Abin da nake nema ɗaya ne, hanyar da za ta kira ni in tana son fitsari ko juyi.

A wani shago a kasuwar Taminus na samu ƙararrawa mara waya, maɓalli a hannun mara lafiya, ƙarar kuma a tsakar gida. Hannunta na hagu lafiya lau yake, shi kenan magana ta ƙare. Kuskurena da na faɗa wa Yaya, babban wanmu da ke Abuja. Dariya ya yi, wai ƙararrawa sai ka ce makarantar firamare, wai ni har yanzu kaina bai waye ba. Shi kyamara zai aiko, wadda zai riƙa ganin Inna a wayarsa duk inda yake. Mutumin da tun da aka sallamo ta daga asibiti ƙafarsa ba ta taka Jos ba!

Aka zo aka kafa ta a saman ƙofar ɗaki, baƙa, da ɗan jan haske kamar idon ɓera. Daga ranar na shiga uku. Ina tsakiyar aji waya za ta yi ƙara: me ya sa Inna ta daɗe a gefe ɗaya, ina bargonta a wannan sanyi, wace ce ta shigo da jan mayafi. Yana kwance cikin iyakwandishan yana ba ni umarni kamar 'yar aikinsa. Wallahi na tsani wannan abu, kuma a lokacin shi ma Yayan ban ƙaunaci jin muryarsa ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inna ta fara kwana da hijabi. Matar da ko mu 'ya'yanta ba mu cika ganin gashinta ba, an gaya mata jikokinta na taruwa a kan waya suna kallonta, har da abokan Yaya a ofis ana nuna musu irin kulawar da yake yi wa uwarsa. Sai ta daina shan ruwa. In na kawo kofi ta kau da kai, koko ma cokali biyu ta rufe baki. Leɓenta ya bushe, fitsarinta ya koma kamar shayi. Na ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa, har ranar da na kawo mata fo don ta yi fitsari, ta riƙe zanenta gam da hannun hagu, idonta a saman ƙofa, hawaye na bin kuncinta.

Ban yi shawara da kowa ba. Na taka kujera na fizge abin har da siminti, na jefa cikin kwandon albasa. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira, yana huci, wai na raba shi da mahaifiyarsa, wai dama ina da abin ɓoyewa. Na ce masa motar Jos kullum tana tashi daga Abuja, kuma ba a toshe hanya ba. Ya ce ba ni da kunya. Na ce a gidansa na koya.

Da yamma na sayo ƙararrawata na ɗaura mata maɓallin a wuyan hannu da tsumma. Yaya ya sake kira, ya ce lallai in sa wa Inna wayar a kunne, ita za ta raba mu, yana da tabbacin bayansa za ta bi. Na buɗe muryar wayar yadda ni ma zan ji. Ya daɗe yana zuba, yana lissafa alherinsa. Inna ta bari ya gama, ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Ni na haife ka," ta ce, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Ban taɓa shiga ɗakinka ba sallama ba."