Balaraba Mai Fara da Filin Gamba

Balaraba ta zo Jos tana amarya, zamanin da kuza ke tashe, ta zauna a Gangare. Da mijinta ya rasu sai ta kama sana'ar soya fara. A Farin Gada take ajiye tirenta, gefen inda ake lodin kabeji da tumatir, 'yan dako su ne masu saye.

Ba saro farar take yi ba. Ƙanenta Sa'adu yana da wani fili bayan tsohon ramin kuza wanda ba ya nomawa. Ciyayi ne barkatai, ga gamba, ga harkiya, ga kyasuwa da tafasa, ƙaya nan da can. Da asuba, lokacin da sanyi ya kama fara ba ta iya tashi, Balaraba kan bi filin da buhu tana tsinta kamar mai tsinkar kuɓewa.

Ta daɗe da lura cewa manyan, masu ƙwai, waɗanda 'yan dako ke rububi, a jikin gamba take samunsu. Farkon damina ta 1977 ta sami Sa'adu yana gyaran kekensa.

"Sa'adu, filin nan naka ya yi ƙazanta. A cire tarkacen nan duka, a bar gamba zalla."

"Yaya, ke da ba ki taɓa riƙe fartanya ba?"

"Kai za ka riƙe. Ni in sami manyan fara, kai ka sami zana."

"To, yau kuma fara za a yi wa shara," in ji shi. Amma batun zana ya shige shi, ya yi.

Gamba ta tashi ta fi mutum tsawo, filin ya yi kyau, masu wucewa har tsayawa suke. Da kaka Balaraba ta shiga da buhunta, ta fito da abin da bai rufe gindinsa ba. Washegari ma haka. Ƙananan fara ba su da haƙorin gamba, harkiya mai taushi suke ci su girma, sai sun yi ƙarfi su hau gamba. An cire musu abinci. Ko gyare da gizo-gizo sun yi wuyar gani.

Wani ɗan dako, Labaran, ya leƙa tiren. "Inna, wannan fara ce ko samfur?"

"Saya ko ka matsa, kana tare min rana."

"Ai ta ƙare kafin in buɗe baki." Ya juya ga 'yan uwansa 'yan dako. "Ku zo mu je wajen Kulu."

Kulu, wadda ke zaune tsallaken titi, a wurin direbobin Borno take saro tata, busasshiya, ba ta kai ta Balaraba daɗi ba. Amma kullum akwai.

Balaraba ta ce wa Sa'adu ya bar filin ya koma yadda yake. Ya ce ya riga ya yi wa masu yin shinge a unguwar Kabong alkawarin zana, kuma gamba, in ta kafa saiwa, ba ta ba kowa wuri.

Kafin damina ta zagayo 'yan dako sun saba da tsallaka titi. Balaraba ta koma dafa gyaɗa, ta mayar da tirenta ƙofar gida a Gangare, inda ta ci gaba da zama har tsufa ya hana ta fita.