Malam Ɗanbaba da Wasiƙar da Ban Karanta Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Ɗanbaba Gariba, malamin Turanci a wata kwaleji a nan Doha.

Malam, kowa na tuna kyautarka da zumuncinka. Ni kuwa wata 'yar kalma nake tunawa, mai haruffa uku: "but". Duk wanda ya zauna a falonka na unguwar Mu'aither bayan sallar Juma'a sai ya sha lacca a kanta kafin a kawo shinkafa. Idonka har ƙyalli yake, kana cewa a tsohon Turanci "butan" ce, ma'anarta "a waje", daga baya ta koma "sai dai", ta koma "amma". Ka ce a wasiƙar ofis ainihin saƙon a bayanta yake, wanda ya tsaya kafin ya kai gare ta bai karanta komai ba. Mu dai sai mu gyaɗa kai, cikinmu na ƙugi.

Ni ma'aikacin jinya ne. Shekara huɗu da suka wuce asibitinmu ya aiko mini wasiƙa. Layin farko ya ce suna baƙin cikin sanar da ni an rufe sashenmu. Ban ƙara karanta ko harafi ba, don a wurinmu in aka fara da ba da haƙuri, magana ta ƙare. Na ɗaure kaya, na zo yi maka sallama.

Ka karɓi takardar, ka gyara tabarau, sai ka daka tsalle, da furfurarka da komai.

"Usaini! Kafin 'but' ka tsaya? Yalla, maza ƙarasa!"

Ashe cewa suka yi in na amsa kafin Alhamis za a mayar da ni sashen masu ciwon zuciya. Saura kwana ɗaya! Da kanka ka tuƙa ni, hula a karkace, kana yi mini tsiya har ƙofar ofis. Ban taɓa jin daɗin tsiya irin ta ranar ba.

A wannan sashen aka kwantar da kai, kuma ni ke bakin aiki da lokacin ya zo.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Saifuddeen da Nafeesa haƙurin rashin mahaifi. Hajiya Bilqis, mai ɗakin Malam, kina kan hanyar zuwa asibiti a lokacin, shi ya sa nake son ki sani: hannunsa na cikin nawa, kuma da kunnena na ji ya cika da kalmar shahada.