Zogi ne ko Raɗaɗi?

Ina aji biyu na sakandare kakata ta baro Moriki ta dawo gidanmu a Kaura Namoda, saboda ciwon ƙafa da ya hana ta barci. Sau uku Baba yana kai ta asibiti. Duk sanda aka tambaye ta jiki sai ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." A ba ta farasitamol su dawo. Baba ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta yi kukan ciwo a gabansa.

Zuwa na huɗu ni na raka ta, don Baba ya tafi kasuwar Shinkafi. Wata nas mai tabarau ta jawo kujera ta zauna daf da ita.

"Inna, ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Inna, mai sauƙi yana gida yana shan fura. Zogi yake yi kamar maruru, ko suka kamar allura, ko raɗaɗi kamar an zuba barkono?"

Kaka ta yi dariya. "Ke ɗiyar ga akwai tambaya. Ciwo ai ciwo na."

"A'a, Inna. Kowanne da maganinsa."

Ni ko a aji ban cika magana ba. Amma na sunkuyar da kai, ina murza bakin hijabina, na ce Kaka ba ta barin zane ya taɓa yatsunta. Na ce tana tsoma ƙafa a ruwan randa, kuma jiya takalminta ya fita a zaure ba ta sani ba.

"Ashe kurmar gidanmu na da baki!" in ji Kaka.

Nas ɗin ta shafa auduga a bayan ƙafar, Kaka ta zabura. Ta taɓa tafin, Kaka ba ta ji komai ba. Nas ɗin ta ce raɗaɗin jijiya ne, farasitamol ba ya kai masa. Aka gwada jini, aka ga suga ya hau, likita ya sauya magani. Ni kuma nas ɗin ta koya mini duba ƙafar kowace safiya, ko ƙaya ta shiga Kaka ba ta ji ba.

Bayan makonni na dawo daga makaranta na tarar Kaka tana barci a inuwar darbejiya, har da minshari. Da ta farka la'asar ta wuce, ta yi ta yi mana faɗa don ba mu tashe ta ba. Ban san sunan nas ɗin ba, amma har yau ina sa ta a addu'a. Allah ya saka mata da alheri.